Babi na Bakwai: Makulli Ya Tafi, Kuɗi Na Tafe

Cinikin mota a Gummi ko Anka ba ya cin lokaci kamar yadda baƙo zai zata. Bakanike ya ɗaga bonet ya saurari inji, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, a zaga gari da ita sau ɗaya, a dawo inuwa a zauna. Mai saye ya taya, mai mota ya ce albarka. Dillali ya ja wannan gefe su yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ja wancan, har a kai inda mai mota zai ce ya sallama. Wannan kam mutanenmu sun iya shi tun suna yara, a kara suka koya, wajen cinikin awaki da shanu. Asarar tana zuwa ne bayan sallamawa, lokacin da mai saye zai gyara zama, ya sassauta murya, ya ce: "To Alhaji, wani hanzari ba gudu ba."

Hanzarin nan yakan zo ta ɗayan hanyoyi uku. Ko ya zaro ceki daga aljihun gaba, ko ya miƙo maka waya ya ce ya tura, sabis ne ya riƙe kuɗin, ko kuma, wanda ya fi yawa a wajenmu, ya ajiye rabi ya ce ciko sai bayan kasuwa biyu. A wajen mai mota duk ukun abu guda ne. Da zarar makulli ya bar hannunka kuɗi ba su shigo ba, ka tashi daga mai sayarwa ka koma mai bin bashi. Bashin kuwa babu jingina, babu wanda ya tsaya wa mai shi, kuma abin da ka bayar yana iya kwana a wata jiha tun kafin ka gama sallar isha'i.

Sai dai a yi wa masu saye adalci. A yammacin Zamfara uzurin rashin biya nan take ba ƙarya ba ne. Wane mai hankali ne zai cika buhu da naira miliyan 4 ya biyo hanyar Mayanchi zuwa Anka, ko ya ratso daga Gwashi, a irin shekarun nan? Ko da hanya lafiya lau take, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kuma motoci da yawa yanzu sun wuce wannan kuɗi. Rassan bankuna a yankin ba su da yawa, galibinsu suna Gusau. Ɗan POS na bakin tasha ba ya iya haɗa maka miliyoyi a wuni guda. A farkon Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo, balle alat. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta yi ɓatan dabo, taransifa ta riƙa maƙalewa a hanya, har gwamnatin Zamfara ta shiga sahun Kaduna da Kogi aka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Duk wanda ya rayu a nan cikin waɗannan shekaru ya san kuɗi na iya kasancewa mutum na da su amma ba ya iya taɓa su.

Wannan gaskiyar ce macuci yake fakewa da ita. Ba sai ya ƙirƙiri labari ba, labarin da kowa ya sani zai maimaita maka. Kuma yakan san dalilin da ya sa ka fito da motar: cikon kujerar Makka, ko auren 'ya, ko taki ga damina ta kawo jiki, ko kuwa, Allah ya kiyashe mu, kuɗin fansar wani naka da ke daji. Mai gaggawa ba ya son ciniki ya watse, shi ya sa yake karɓar abin da da hankalinsa kwance ba zai ko dube shi ba.

Mu fara da ceki, ko da yake shi ne ya fi ƙaranci. Takarda ce mai kyan gani, ga sunan banki, ga kwanan wata, ga kuɗi an rubuta da lamba an rubuta da kalmomi, ga sa hannu mai lanƙwasa, ga jerin lambobi a ƙasa. Wanda bai saba da ita ba yakan ninke ta da ladabi ya sa a aljihu, ya ji nauyin miliyoyi a ƙirjinsa. Amma abin da ke rubuce a kanta umarni ne kawai daga mai asusu zuwa ga bankinsa cewa a biya wane. Bankin zai bi umarnin ne idan akwai kuɗi a asusun, idan sa hannun ya yi daidai da wanda ke ajiye a wurinsa, idan mai asusun ya amsa waya ya tabbatar, kuma idan bai riga ya kira ya ce a dakatar ba. Ɗaya ya kuskure, sai a dawo maka da takardarka da hatimi a kai. Wanda ya rubuta cekin yana iya gurɓata sa hannunsa da gangan, yana iya kashe wayarsa ranar da za a neme shi, yana iya kwashe kuɗin da safe kafin ka isa. Duk waɗannan a hannunsa suke, babu ko ɗaya a naka.

Sannan ga lokaci. Tun 2013 da aka faɗaɗa tsarin tura hoton ceki tsakanin bankuna zuwa duk faɗin ƙasa, maimakon ɗaukar takardar kanta daga gari zuwa gari, jiran ya ragu: cekin wani banki yakan zama kuɗi a ranar aiki ta gaba, idan an shigar da shi da wuri. A takarda wannan ba wani jira ba ne. To amma mai cuta ba ya zuwa ranar Litinin da safe. Ranar Juma'a yake zuwa bayan an sauko daga masallaci, ko jajibirin hutun salla. Mutumin Bukkuyum da ya karɓi ceki Juma'a da la'asar, sai Litinin zai kama hanyar banki, sai Talata ko Laraba zai san matsayinsa. Kwana huɗu ko biyar ke nan motar tana hannun wani. Wanda ya fita daga Anka da yamma, a Daki Takwas yana da zaɓi: ya karya ya nufi Zuru a Jihar Kebbi, ko ya miƙe Gummi ya faɗa ƙasar Sakkwato ta Kebbe. Kafin ka ji daga banki an sake mata fenti, ko an sauke injin an sayar daban.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata mai mota ya riƙe. Tun farkon 2010 Babban Bankin Najeriya ya iyakance cekin da za a wuce da shi tsakanin bankuna zuwa naira miliyan 10. Wanda ya rubuta maka guda ɗaya na miliyan 14 a kan Hilux, ko bai san abin da yake yi ba, ko ya sani sarai. Na biyu, babban ceki da aka rubuta wa wani ba a biyan sa tsaba a kantar banki, dole sai ta asusu, don haka maganar "ka je da safe su ƙirgo maka" zance ne. Shi ma dirafti, wanda banki da kansa yake fitarwa kuma ake ganin ba ya dawowa, ana buga na jabu, kuma ba ka da hanyar ganewa sai reshen da aka ce ya fitar da shi ya tabbatar.

Wata dabara ta fi wannan dafi, don tana haɗa ceki da waya. Mai saye ya karɓi lambar asusunka, ya ce zai je ya zuba kuɗi. Ya je ya shigar da cekin da ya san ba komai a bayansa. A wasu bankuna adadin zai bayyana a lissafin asusunka alhali bai zama kuɗin da za ka iya taɓawa ba. Ka ga lamba ta hau, ka yi hamdala, ka miƙa makulli. Bayan kwana biyu ta sauka. Alat ɗin bogi kuwa ya fi haka sauƙi, saƙo ne kawai da aka tsara da kamannin na bankinka. Taransifa ta nan take, wadda aka fara a 2011, in ta tafi daidai daƙiƙoƙi take ɗauka. Idan ta maƙale, to ta maƙale a wajen mai saye, matsalarsa ce da bankinsa, motar ta kwana a gidanka har ta warware. Hoton rasidi a wayar wani ba shaida ba ne. Ka buɗe asusunka da hannunka, a wayarka, ka duba abin da za ka iya cirewa. In kana da shakka ka tura wani kaso zuwa wani asusun naka ka ga ko zai tafi.

Za a ce ai akwai doka. Akwai. Dokar cekin bogi ta 1977 ta ce wanda ya karɓi kaya ko bashi da ceki, aka kai banki aka dawo da shi don babu isassun kuɗi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Doka ce mai haƙori, kuma tsoronta kaɗai yakan sa wasu su nemo kuɗi. Sai dai tana da sharaɗin da mutane ba su cika sani ba: sai an kai cekin banki cikin wata 3 daga kwanan watan da ke jikinsa. Banki kan karɓi ceki har wata 6, amma kariyar wannan doka a wata 3 take ƙarewa. Ka ga ke nan mai saye da ke kiranka kowane mako yana cewa "don Allah Alhaji kada ka kai shi tukuna, kuɗɗin na nan tahe," ko ya sani ko bai sani ba, yana cinye maka kwanakin da kake da su ne. Kuma ko an ɗaure shi, ɗauri ba mota ba ne. Shari'ar a babbar kotu ake yin ta, da lauyoyi da ɗage zama da zirga-zirgar Gusau.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ranar da suka ga motarsu a hannun wani na uku, suka ce a ba su abinsu, aka ce ba haka ake yi ba. Motar sata daban, motar da ka sayar da bakinka daban. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi suka ginu a kanta, ta ɗauka cewa mallaka na komawa ga mai saye tun lokacin da aka ƙulla ciniki, ko an jinkirta biya, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. Idan da yaudara aka karɓa, kana da ikon warware cinikin, amma in kafin ka warware an sayar wa wanda bai san komai ba, shi doka za ta bar wa. Shari'ar da ɗaliban lauya ke karantawa a kan wannan ita ce ta Lewis da Averay, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 1971. Lewis ɗalibi ne, ya sa motarsa a kasuwa a kan fam 450. Wani ya zo ya ce shi ne Richard Greene, ɗan wasan da ya yi suna a talbijin, ya nuna katin shiga wani ɗakin shirya fina-finai mai hotonsa, ya rubuta ceki, ya tafi da mota. Cekin na sata ne. Kafin a farga ya sayar wa Averay a kan fam 200 ya ɓace. Kotu ta bar wa Averay mota, Lewis ya tashi a tutar babu.

Wani mai suna Caldwell kuwa, a 1960, ya sayar da Jaguar ɗinsa da ceki, washegari da safe banki ya gaya masa ba kuɗi. Bai tsaya neman mutumin yana roƙo ba, nan take ya sanar da 'yan sanda da ƙungiyar masu motoci a nemo masa ita. Kotu ta ce wannan sanarwar ta isa warware ciniki, kuma tunda ta riga sayarwar da aka yi daga baya, motar tasa ce. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan alƙalin Najeriya, amma ana duba shi. Bambancin mutanen biyu sauri ne. Mu kuwa a nan, ranar da ceki ya dawo, abin da muke fara yi shi ne a nemo dillali, a aika wa yayan mutumin, a ba shi mako guda don kada a tona masa asiri.

Duk da haka, in da za a tara mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum da suka yi kuka a kan cinikin mota, ina kyautata zaton 'yan ceki ba za su cika tabarma ɗaya ba. Sauran duk 'yan ciko ne, kuma wanda ya riƙe musu kuɗi ba baƙo ba ne. Ɗan unguwa ne, ko surukin ƙane, ko direban da ya yi shekaru yana ja maka. A ce Golf ce, an daidaita a miliyan 4. Ya kawo miliyan 2 da rabi, ya durƙusa: "Baba Alhaji, ka san ni, ka san gidanmu. Ka bar ni in fara lodi da ita, wata biyu na cika maka." Ga limamin unguwa a zaune, ga dillali yana cewa ai wane ba ya cin haƙƙin mutum. Ka ce a kawo takarda a rubuta, sai wuri ya yi tsit kamar ka zagi wani. Kai ma sai ka ji nauyi, ka ce a bar shi, Allah na gani. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, amma a ciniki ko kunyar mai kunya tana jawo ta, domin mai gaskiya ma yana gazawa.

Ka ba mutum bashin ɗan maraƙi, in ya kasa biya bayan wata shida ka karɓo abinka ya ƙara ƙiba. Mota ba haka take ba. Ka je tasha bayan wata huɗu ka dubi Golf ɗin nan. An ɗaure but da igiya saboda buhunan da ake dannawa, bayanta ya zauna, gilashin gaba ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu, hayaƙi shuɗi na bin ta. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokacin har da na kusa da giya, kullum a kan hanyar da rami ya fi kwalta yawa. Ko ya ce ga motarka ka mayar masa da kuɗinsa, abin da zai dawo maka bai kai abin da ka bayar ba. Kuma daga ranar da ta fara ba shi matsala, lissafi ya juya: kowane gyara sai ya zama aibin da ka ɓoye masa. "Ai Alhaji giyabos ɗin nan dama da ciwonsa." Ciko ya koma abin tayi, ana rage shi da kuɗin bakanike.

Kuɗin da kake jira su ma ba sa tsayawa. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Motocinmu kusan duk daga waje suke zuwa, ko ta Legas ko 'yan Kwatano, kuma a Janairun 2017 aka hana shigo da su ta kan iyakar ƙasa, don haka farashinsu dala yake bi. Wanda ya ba da mota bashi a tsakiyar 2023 aka cika masa bayan shekara, ko an biya shi har kwabon ƙarshe, ba zai iya sayen irinta ba. Ba shi kuma da ikon cewa a ƙara masa don an jinkirta, wannan riba ce ƙarara. Abin da malamai suka halatta shi ne tun wajen ƙulla ciniki a yanka farashin ajali ya fi na hannu, a tsaya a kan guda ɗaya. In ba ka yi haka ranar ba, ka yafe bambancin ko ba ka yi niyya ba.

Sai kuma abin da ba a hannun kowa yake ba. Yankin nan yankin zinariya ne, kuma mai haƙa a Bagega ko Sunke yana iya wayar gari da kuɗin mota uku, bayan wata guda ya rasa na mai. Alkawarinsa a kan ramin da bai fashe ba yake. Da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, haramcin da bai tashi ba sai Disamban 2024, ba ta tambayi wa ke bin wa ba. Manomi kuma alkawarinsa a kan gonar da wataƙila ba za a bari ya girbe ba. Ana iya tare motar a hanya a ƙona ta. Ana iya ɗauke mai ita, danginsa su sayar da ita don su fanso shi, kuma wa zai iya buɗe baki ya tambayi ciko a gidan da ake wannan kuka?

A nan fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan kotunan shari'a ke hukunci da shi tun kafin Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a a Janairun 2000, yana da wani bambanci da ya cancanci mai mota ya sani. Idan wanda ya saya bashi ya tsiyace, bashi ya yi masa katutu, ka kuma sami kayanka a hannunsa yadda yake, kai ka fi sauran masu binsa haƙƙi da shi. Amma idan mutuwa ya yi, wannan fifiko ya faɗi: motar ta shiga cikin abin da ya bari, kai kuma ka shiga layi tare da mai taki da mai shinkafa da duk wanda ke binsa, a raba gwargwado. In babu rubutu babu shaidu, tun kafin a kai ga rabo sai ka fara tabbatar wa magada cewa akwai bashin, alhali su abin da suka sani shi ne babansu ya sayi mota.

Shi ya sa nake mamakin yadda muke ɗaukar rubuta bashi a matsayin rashin yarda. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan wannan take: bashin da aka yanka wa lokaci a rubuta shi, a kafa shaidu, kuma ayar da ke biye da ita ta kawo jingina. Ba a ware mutumin kirki ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Risala da Muhtasar, sun sharɗanta ajali ya zama sananne. Imamu Malik ya yarda a ce zuwa girbi, don kowa ya san lokacin kaka. Amma "in Allah ya hore" ko "in an biya mu kuɗin kwangila" ba ajali ba ne. A gaban alƙali kuma ƙa'ida ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Kai ne mai da'awa. Limamin da ke zaune ranar yana iya tuna an yi ciniki, ya manta ko miliyan ɗaya da rabi ya rage ko miliyan ɗaya.

Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin karɓar bashi ba ne, ko da yake ana zuwa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sai in akwai alamar tun farko da niyyar cuta ya zo, kamar sunan ƙarya ko cekin bogi, sannan ya zama laifin zamba. Wanda ya biya rabi ya gaza cikawa, nasa sai kotu.

To idan ba makawa sai an jinkirta? Hanya mafi tsabta ita ce a karɓi kafin alƙalami, a rubuta rasidi, a sa rana, mota ta ci gaba da zama a garejinka ko a hannun amintaccen da ku biyu kuka yarda da shi. Wanda da gaske yake zai haƙura da kwana goma. In kuwa sai ya tafi da ita, to a yi shi a sunansa na bashi: takarda mai ɗauke da lambar mota da lambar inji da ta shasi, abin da aka biya, abin da ya rage, ranar biya da lamba, shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidansa ba, da mai tsaya masa wanda ya fi shi abin hannu kuma ya sa hannu ya san abin da ya ɗauka. A sa jingina da ba ta tafiya, takardar fili ko ta shago. A rubuta ƙarara abin da zai faru da motar in rana ta wuce ba a cika ba, kuma a nuna wa lauya ko malamin da ya san mu'amala kafin a sa hannu, don ba kowane sharaɗi ne kotu ke karɓa ba. Dillali kuma a biya shi la'adar abin da ya shigo kawai. Dillalin da ya karɓe la'adarsa cif ranar farko ya gama nasa cinikin. Wanda sauran kuɗinsa ke rataye da ciko, shi zai riƙa yi maka sintiri ƙofar gidan mutumin.

Saura wata dabara da mutane suka dogara da ita fiye da kima: riƙe takardun asali. Mai mota ya ba da makulli da kwafi, ya kulle takardar kwastan da ta mallaka a akwati, ya ce ai ba inda za shi. Wannan yana hana a sayar wa mai lura a birni. Ba ya hana motar yin shekara tana jigila tsakanin ƙauyuka inda ba mai tambayar takardar asali, ba ya hana a wargaza ta a sayar da inji da ƙofofi da giyabos ɗai-ɗai. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne ba a yi canjin mallaka ba, wato a rajistar hukuma motar taka ce har gobe. Idan ta buge yaro a Nasarawar Burkullu direban ya gudu, gidanka lambar motar za ta kawo. Idan jami'an tsaro suka tare ta a hanyar Bagega da jarkokin fetur a but, a yankin da kai wa 'yan bindiga mai yake cikin manyan laifuka, sunanka za a karanta a takarda. Bayanin cewa ka sayar tun bara, ciko kake jira, za a saurare shi, amma a inda aka tsare ka za ka yi shi, kuma abin da za a fara tambayarka shi ne ina takardar cinikin.